Rasuwar Faifan Kofur Gamaliel

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma miƙa wuya ga abin da Ubangiji ya yarda ya faru, ni Tomas Gamaliel Davou na Levenshulme, a madadin iyalina, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki na Manchester da Birmingham rasuwar faifanmu, baƙin faifan garmaho mai farar takarda a cibiya. Ya bar mu ranar Talata da hantsi, a kan teburin kicin, yana da shekara hamsin da huɗu a duniya.

An haifi marigayin a 1961, a sansanin sojojinmu da suka je aikin kwantar da tarzoma a Kwango, inda masu rediyon soja suka ɗauki gaisuwar dakaru zuwa ga iyalansu. Yadda aka yi ya iso Ingila, Allah kaɗai ya sani. Ni dai na tsince shi a 2003 a kasuwar gwanjo kusa da Perry Barr a Birmingham, cikin kwali ɗaya da tsofaffin faya-fayan badujala. Dama tun ina tuƙa bas nake tara faifan rediyon soja, na fareti, na labaran fagen daga, har da na harsunan da ban san ko kalma ɗaya a cikinsu ba. Matata Rebecca ta sha cewa na mai da mata ɗakin baƙi bariki. Abin da ya sa na ɗauki wannan, wani ya rubuta "Hausa" da biro a jikin takardarsa.

Marigayin ba mai yawan magana ba ne. Yakan fara da ƙarar yashi, sai bigila, sai sojoji su riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya. Mutum na uku a gefe na biyu na faifan yakan yi gyaran murya, ya ce:

"Ni ne Kofur Gamaliel Davou, mutumin Kuru. Ina gai da matata Alice. Ina nan lafiya, sai dai ruwan sama ba ya ɗaukewa. Celestina, ki riƙa jin maganar uwarki. Tomas, an ce ka shiga makaranta. Ban da kuka."

Babana ke nan. Wata uku bayan wannan magana aka aiko mana da akwatinsa da bargonsa. Ina da shekara shida, kuma ban riƙe muryarsa ba. Washegarin ranar da na ji faifan na kai shi Birmingham wajen yayata Celestina. Tun daga gyaran muryar ta sulale daga kujera ta zauna a ƙasa.

Shekara goma sha biyu muka yi tare da shi, bai taɓa ɗaga murya ba, bai taɓa sauya magana ba. A ce masa maimaita sau goma, zai maimaita. Ya halarci bikin 'yarmu, ya gai da fasto, ya yi Kirsimeti da ɗaliban da Malam Abdulsalam maƙwabcinmu yakan kawo mana daga Rusholme. Aibinsa ɗaya, yakan yi tuntuɓe a kan kalmar "makaranta", sai an taɓa allurar da yatsa.

Rashin lafiyarsa ta fara ne bayan dokar da ta ce ɗakin da ba mai kwana a ciki ya yi wa talaka yawa, aka rage mana tallafin kuɗin haya. Muka bar gidanmu mai ɗaki biyu, muka koma ɗan sashe mai ɗaki ɗaya a gidan bene, bango yana zufa. Don in tsare shi daga danshi, na jingine shi kusa da hita mai ɗumama ɗaki. Kafin sanyin bana ya fita, ya lanƙwashe kamar faranti, allura ta riƙa hawa tana sauka a kansa, muryar Baba tana rawa.

A nan dole in faɗi gaskiya a gaban jama'a. Rebecca ta ce mini ba sau ɗaya ba, "Baban Ramatu, ka ɗauki muryar nan a waya, ko don tsaro." Na ƙi. Na ce waya ba za ta ba shi haƙƙinsa ba, sai na'urar kwafe faifai da ke laburaren unguwa. Na sa suna a layi. Kafin layi ya zo kaina aka rufe laburaren, aka ce babu halin riƙe shi. Na ci gaba da cewa gobe. Ranar Talata na sa shi tsakanin gilashi biyu, na ɗora littattafai don ya miƙe, yadda na ji masu sana'ar suna yi. Na ƙara littafi ɗaya. Ƙarar ba ta fi ta karya biskit ba. Gida uku ya rabu, kuma tsagar ta bi ta kan mutum na uku. Hannuna ne, ba na kowa ba.

Ya rasu ya bar garmaho, abokiyar zamansa, wadda ba ta juya ba tun ranar. Ya bar allura biyu, da rigarsa ta kwali, da 'yan'uwansa faya-fayai ɗari da arba'in a ƙarƙashin gado, waɗanda ba ɗaya a cikinsu da ya san sunana. Ya kuma bar Yaya Celestina, wadda ciwon mantuwa ya kai gidan kula da tsofaffi shekara biyu da suka wuce. Ba ta gane ni, ba ta gane 'ya'yanta. Amma duk Lahadin farkon wata nakan shiga jirgin ƙasa da faifan da ƙaramar garmaho, in Baba ya kira sunanta sai ta gyara zama ta ce, "To, Baba."

Za a yi zaman makoki a gidanmu ranar Asabar da ƙarfe biyu na rana. Akwai shayi da ƙosai, kujeru ne ba su da yawa. Ba za a sa kiɗa ba. Gawar tana naɗe cikin zanen Mama, kuma 'yarmu Ramatu za ta tafi da ita Kuru a watan Agusta, a binne ta a gefen kabarin Mama, tunda shi Baba ba mu taɓa sanin inda aka sa shi ba.

Duk wanda ya san mai irin wannan faifai, ko a wace ƙasa yake, don Allah ya neme ni. Masu zuwa duba Yaya kuma, ina roƙonku kada ku gaya mata. Ranar Lahadi zan je da kaina, in na iya.