Ƙwallon Mai Ɗingishi

Ba zan taɓa mantawa da aikin da yayana Umaru ya kawo mini rumfata a Ƙofar Kware ba, Allah ya jiƙansa. Bana ya rasu, kuma shi kaɗai ya rage mai tsokanata da zancen.

Umaru kuku ne a gidan wani Bature mai kula da aikin hanya, wanda muke kira Mai Ɗingishi. An ce a ƙasarsu buga ƙwallo ne sana'arsa, da ita yake ci, har gwiwarsa ta lalace ya bari. (Mun daɗe ba mu yarda ana ciyar da gida da wasa ba.)

Umaru ya ajiye mini wata fata a lotse, ya ce, "Ɗinki ya kwance. Gyara mishi, yana son abin ga ƙwarai."

Ni kuwa baduku ne ɗan baduku, ban saba tambaya ba. Na duba fatar, duk zane-zanen baƙi kamar kaji sun bi ta kai. Na ce a raina matashin kai ne da ya sha wuya. Na kankare zanen tas, na zare wata tsohuwar roba daga ciki na yar, na rina fatar da karan dafi, na ɗura audugar rimi har ta yi tim. Tuntaye ma na sa mata. (Har maƙwabta na kira su gani.)

Da kaina na kai, a filin da leburori da akawuna suka taru Baturen zai koya musu ƙwallo. Umaru na hango ni ya dafe kai.

"Mi kay yi haka, Bello?"

"Gyara niy yi, Yaya."

Wani akawu ya ajiye ta ya kai mata ƙafa. Ta ce dif, ta ɗan gangara ta kwanta, tuntaye na lilo. Fili ya ɗauki dariya.

Baturen bai yi dariya ba. Ya ɗauka yana juyawa, yana shafa inda zanen yake. A hankali Umaru ya faɗa mini cewa zanen nan sunayen abokan wasan Baturen ne, kowa da hannunsa ya rubuta ranar wasansa na ƙarshe, kuma yawancinsu babban yaƙi ya cinye su. Na durƙusa.

Can Baturen ya zauna a ƙasa, ya tura matashin ƙarƙashin gwiwar, ya ce da Hausarsa, "Aiki kyau. Ba komai." Idonsa dai ba haka ya ce ba.

Tun ranar, ko tsohon takalmi aka kawo mini sai na tambayi mai shi wane datti yake so a bar masa. Mutane na cewa na cika tambaya, ni kuwa ba na musu.