Kaftin ɗin da Bai Dawo Ba

Ba zan taɓa mantawa da wata la'asar a fadarmu ta hira da ke unguwar Goudel ba, kuma har yau in na tuna sai in ji kunya ta rufe ni.

Mu bakwai ne muke shan shayi a ƙofar gidan Baba Haruna, tsohon ma'aikacin gidan waya, mutumin Tawa. Al'adarmu, in wani ya sayo littafi sai ya zagaya hannu hannu, duk wanda ya gama ya rubuta ra'ayinsa a fararen shafukan baya, ba tare da sa suna ba. Ranar tattaunawa ni ke karanto su, don ni ne malamin lakwal, wato makarantar boko, kuma ni ne mai bakin da ba ya gajiya. Wannan ɗan girman shi ne duk abin da na mallaka a fadar, ina kuwa ji da shi.

A wannan karon littafin Faransanci ne da aka samo wajen masu tsofaffin littattafai kusa da kasuwar Petit Marché, labarin wani kaftin da ya tafi da jirginsa can bayan taurari. Daga wani shirin tele aka ciro shi, shirin da na kalla kaf. Sati biyu littafin yana kan teburina ban buɗe ba (sai dai na ɗora masa kofi). Na ce a raina, me zai gaya mini wanda ban gani da idona ba?

Na buɗe baya na fara karantowa. Wani ya ce injuna sun yi yawa, wani ya ce tele ta fi daɗi. Sai na zo kan wani rubutu da jan biro: "Littafin ya fi tele gaskiya. Wanda ya tafi nesa ba kullum yake dawowa ba."

Nan fa na gyara zama. "Jama'a, wannan bawan Allah bai gama littafin ba," na ce. "Kaftin ya dawo gida, matarsa ta tarye shi, har da biki. Wasu dai baƙin ciki suke nema ko a cikin tatsuniya. In mutum ba zai karanta ba, ya bar mana biro ya huta."

Na jira dariya, ba ta zo ba. Mai dafa shayi ya sauke buta a hankali.

Baba Haruna ya cire tabarau. "Ni na rubuta, Malam," ya ce. "A tele ne ya dawo. A littafi matarsa tana share ɗakinsa har shafin ƙarshe."

Ɗansa Sani ya bi hanyar Agadas don ƙetare hamada shekara shida ke nan, ba waya, ba gawa. Na sani sarai. Ɗakin Sanin yana bayana, tagarsa a buɗe, don Inna, matar Baba, tana buɗe ta kowace safiya.

Wallahi na so ƙasa ta tsage. Na ce, "Baba, ka yafe mini, ban karanta ba." Ban taɓa faɗin gaskiya da ƙaramar murya haka ba.

"Na gane tun da ka ambaci biki," ya ce. Ya tura mini littafin. "Tafi da shi."

Kwana huɗu na yi a kansa. Da na mayar, na tarar da shi shi kaɗai a kan tabarma. Bai tambaye ni ra'ayina ba, ya dai ce, "Ka kai wurin tsintsiyar?" Na ce na kai. Ya zuba mini shayi, muka sha.

Har yanzu ni ke karanto ra'ayoyi a fada, ba wanda ya ƙwace mini. Sai dai yanzu kafin in buɗe bayan littafi, gabansa nake fara buɗewa.