Yadda Inji Ya Tuɓe Injiniya Gershon

"Ni Gershon, tun da uwata ta haife ni, ƙarfe bai taɓa yi mini gardama ba. In na kalle shi da ido ɗaya, tsatsa da kanta take tattara kayanta ta gudu."

Haka Baba Gershon ya faɗa a harabar coci bayan sujada, yana buga ƙirji har tari ya sarƙe shi. Kai da ba ka san shi ba, sai ka zaci shi ya shimfiɗa layin dogon Kafanchan da hannunsa. Gaskiyar magana, mai riƙe makullin sito ne a ofishin gona har ya yi ritaya. Da yake akwai matacciyar tarakta a cikin siton, sai ya naɗa wa kansa sarautar Injiniya. Mutanen unguwa ba su yi musu ba, sun dai ƙara mata jela: Injiniya In-Ji-Shi.

Abin da ya jawo cika bakin, ƙararrawar coci ce ta tsage. Rabaran Yafet ya samo guntun ƙarfen dogo da za a riƙa bugawa, saura a huda shi a rataye. Ga kuma zaɓen shugaban kwamitin gyare-gyare ya matso, kujerar da Baba Gershon ya daɗe yana haɗiyar yawu a kanta.

"Rabaran, kada a kai wa 'yan walda, yara ne," in ji shi. "Ina da injin huda ƙarfe, zubin Turawan da. Ku zo ran Asabar ta sama ku ga aiki."

Injin kuwa akwai shi. A gidan marigayi surukinsa a Zangon Kataf ya kwaso shi, dogo kamar mutum, nauyi kamar zunubi. Kaji sun yi shekaru suna kwana a kansa. Ya sa aka jibge shi a ɗakin da matarsa Afiniki ke ajiye citta, ya rubuta "Wokshop" da gawayi a ƙofa.

Ya kwance injin kaf. Wani ya gaya masa ruwan tsamiya na cin tsatsa, sai ya ɗauko babbar tukunyar zumuntar mata da aka ba Afiniki ajiya, ya jiƙa ƙarafan a ciki.

"Baban Keziya, tukunyar Allah ka sa wa wannan ƙazanta?"

"Maman Keziya, kimiyya ce. Je ki ji da markaɗenki."

Tsatsa ta fita, ba ƙarya. Tukunyar ma ta fita daga hayyacinta, ta yi baƙi ƙirin.

Da ya mayar da injin, sai ga ragowar kaya a ƙasa: notina, wani sifirin mai lanƙwasa, da murfin da ke rufe bel. Ya tsaya ya dube su, ya girgiza kai.

"Turawa da almubazzaranci! Dubi abin da suka cusa ba dalili." Ya watsa su bayan gida.

Sai fenti. Kore shar ya saya, ya shafe injin tun daga kai har ƙafa, har sandar da teburin injin ke hawa da sauka a kanta. Da fentin ya bushe, tebur ya ƙame a wuri ɗaya kamar soja a fareti. Ya buga da guduma, ya buga, kunnen teburin ya ɓalle ya faɗo masa a babban yatsa.

"Me ya fashe?" Afiniki ta tambaya daga tsakar gida.

"Rage nauyi nake yi," ya amsa, yana tsalle da ƙafa ɗaya.

Saura 'yar motar lantarkin da ke juya injin. Ya jona ta da wuta, ta yi tari, ta yi hayaƙi, ta bi surukinsa. Nan fa ido ya raina fata, ga Asabar ta ƙaraso. Da safe Afiniki ta tafi kasuwa sayen kayan miya, shi kuwa ya lallaɓa rumfarta ya kwance injin fetur ɗin da ke juya mata markaɗe, wanda shi ke ciyar da gidan tun da fansho ya koma zuwa lokacin da ya ga dama. Ya ɗaure shi a kan benci da igiya, ya haɗa bel.

Da hantsi Rabaran ya iso da dattawan ikilisiya, sun ciccibo ƙarfen dogo suna nishi. Baba Gershon ya fito cikin babbar riga fara sol, wadda ya ɗinka don bikin 'yarsa Keziya.

"Baba, ba za ka cire rigar ba?" Rabaran ya tambaya.

"Rabaran, leburori ke tuɓe riga. Injiniya da yatsa biyu yake aiki. A yi mana addu'a."

Aka yi addu'a. Ya ja igiyar inji.

Jama'a, ƙarar da ta tashi, akuyar maƙwabta sai da ta tsinke igiya. Ɗakin ya ɗauki rawa, ƙurar citta ta turnuƙe, dattawa suka shiga atishawa a jere. Ya danna hannun injin, bakin hudar ya sauka a kan ƙarfen yana kuka yana hayaƙi, ko ƙwarzane babu.

"Kamar baya-baya yake juyawa fa," in ji wani dattijo.

"Ɗumama jiki yake yi!" Baba Gershon ya daka tsawa.

Ya saki hannun don bakin ya koma sama, ya ƙi komawa, don abin da ke mayar da shi yana can bayan gida. Ya sunkuya ya leƙa. Hannun babbar riga ya taɓa bel ɗin da ba murfi.

Inji bai yi sallama ba. Ya cafke rigar ya fara naɗewa. Baba Gershon ya juya sau ɗaya kamar mai rawar biki, ya juya na biyu yana kiran sunan Yesu, a na uku rigar ta fice ta kansa da hula da tabarau gaba ɗaya. Zariyar wando ta ce ita ma ba a bar ta a baya ba. Kafin Rabaran ya rufe baki, ga mai neman kujera tsaye daga shi sai gajeren wando da safa.

Injin markaɗen ya shaƙe da yadi, ya yi wata ƙara, ya tofar da baƙin mai, ya yi shiru har abada.

Cikin shirun nan Afiniki ta shigo da kwando a ka, bayanta mata riƙe da bokitan tumatir da wake. Ta dubi rumfarta, ta dubi bencin, ta dubi mijinta daga sama har ƙasa.

"Sannunku da zuwa, Rabaran," ta ce a natse. "An huda?"

Rabaran ya ɗaga abin da ya saura na rigar, haske na shigowa ta ko'ina. "An huda, Mama. Ba dai ƙarfen ba."

Dattawa suka sake ciccibar kayansu suka nufi wurin 'yan walda. Maganar kujera kuwa, ko a mafarki ba wanda ya ƙara tayar da ita.

Amma Afiniki ba ta mayar da kwastoma ko ɗaya ba. Ta shiga kicin ta mirgino tsohon dutsen niƙan kakarta, ta dire shi a tsakiyar rumfa, ta nuna wa maigida da baki.

Ran Litinin wata mata ta leƙo da bokitin wake, ta ce, "Mama Afiniki, na ji wai injinki ya mutu. Kin samu wani?"

Afiniki ta nuna Baba Gershon, yana durƙushe a gaban dutse, gumi na ɗiga daga haɓarsa, yana yi wa matan da ke layi bayanin yadda Turawa suka yi kuskure a ƙirar injin.

"Ga shi nan, ajiye bokitinki," ta ce. "Tsohon samfuri ne, ba ya shan fetur. Ƙara ce dai ta yi masa yawa."