Jam'in Farasitamol

Wani azumi ciwon kai ya matsa mini, sai na ba kaina fatawa: tunda ba shan magani da rana, bari in haɗa farasitamol na safe, na rana da na yamma in shanye da sahur. Ƙwaya shida.

Matata ta ce, "Malam, magani fa ba salla ba ne da za a yi masa jam'i."

Na ce ta bar wa masu ilimi.

Kafin azahar ina asibiti ina amai, likita yana mini faɗa kan hantata. Azumin ma ya tafi.

Har yau a masallacinmu na Limancin Kona, in aka haɗa magariba da isha'i saboda ruwan sama, sai ladan ya waiwayo: "Malam, ka taho da farasitamol ɗin?"