Fim Ɗin Da Manyanmu Suka Manta Ba Su Kalla Ba

Ranar Litinin na yi sammako zuwa ofishin marasa aiki don a buga mini hatimi, kamar yadda nake yi tun da aka rufe masana'antar gilashin garinmu. Awa biyu ina layi, ƙafata ta hagu ta mutu ta farfaɗo. Saura mutum ɗaya a gabana, sai Uwargida Mai Hatimi ta ja tagarta garam, ta manna takarda. Wai hatimin wannan watan a ƙofar silima za a buga shi ranar Asabar, bayan an gama fim, kuma wanda bai kalla ba ya haƙura da tallafinsa.

Na shekara talatin ina hura gilashi, ban taɓa sanin kallo ma aiki ne ba sai da manyanmu suka waye mana kai. Allah ya ƙara musu basira.

Fim ɗin kowa a nan ya san labarinsa, amma ba kowa ya gan shi ba. Tsoho ne, baƙi da fari, a garin nan aka ɗauke shi zamanin iyayenmu, a kan yunwa da rashin aikin da aka sha a zamanin kakanninmu. Bana ya cika shekara saba'in, shi ne shugaban garinmu, Mai Girma Sarkin Almakashi, wanda ko bandaki aka gyara sai ya zo ya yanka ƙyalle, ya ce a yi biki. An buga tutoci, an yi wa fuskar silima fenti, bayanta kuwa na nan yana zubar da ƙasa. Da aka lura kujeru ɗari biyu ba za su cika da ganin dama ba, sai aka tuna da mu.

Maƙwabcina Otakar shi ne mai majigin silimar, shekara talatin da ɗaya. A bazarar da ta wuce aka sallame shi, saura shekara biyu ya kai fansho, wai an sayo na'urar da ake danna mata maɓalli daga babban birni. Wanda aka kora da shekaru irin nasa, babu mai ɗaukarsa, kuma fanshon da zai samu ba zai ɗumama masa ɗaki ba. Da fim ɗin ya iso a gwangwanaye tara, sabuwar na'ura ta ce ba ta san zancen ba. Tsohon injin ne kaɗai ke iya juya shi, kuma duk garin Otakar ne kaɗai ke iya juya tsohon injin.

Na same shi a bakin shinge yana goge tabarau.

"Maƙwabci, na ji sun zo biko," na ce.

"Sun zo. Har da kwalbar giya, irin mai arhar nan."

"Me suka ce game da aikinka?"

"Za a duba."

Matarsa Jarmila ta leƙo ta taga da ludayi a hannu. "Tun bazara suke dubawa. Idonsu ne ba shi da lafiya, ko takardar ce ƙanana? Ni na ce kada ya je, ya bar su su juya shi da yatsa."

Otakar dai ya je. Mutumin da ya shekara talatin yana shafa wa inji mai ba ya iya jin an ce injin zai tashi ba da shi ba, kuma na ji haushinsa, na kuma ji tausayinsa.

Asabar da ƙarfe uku muka cika silima. Mai Girma ya hau mumbari ya yi minti arba'in yana gaya mana cewa wannan fim madubi ne na baƙin zamanin da ya wuce ba zai dawo ba. Mu ɗari biyu, kowa da katin rashin aiki a aljihu, muka tafa masa. Ya yanka ƙyalle, aka ɗau hoto. Fitila na mutuwa sai layin gaba ya zame ɗaya bayan ɗaya, suka tsallaka dandali zuwa gidan hukuma inda aka shirya musu walima. Al'adarsu ce, ba su taɓa zama sun ga abin da suka buɗe ba.

Sai fim ya fara. Ga masana'antarmu, ga ƙofarta an sa sarƙa. Ga maza da huluna sun yi layi a gaban wata taga, kowa da kati a hannu. Tagar nan fa ita ce dai wadda na tsaya a gabanta ranar Litinin, ko ƙarfen jikinta ba a canza ba. Wani ya kai gaba, aka ja ta garam. Silima ta kwashe da dariya. Da aka sake rufe ta a karo na biyu, dariyar ta ragu. A na uku ko tari babu mai yi.

Jarumin fim ɗin wani mai hura gilashi ne da ya yi ta cewa shi ba ruwansa da siyasa, shi dai a ba shi aiki. Ya sayar da kwat ɗinsa, ya sayar da agogon ubansa, har ranar da ya gane cewa masu rufe tagar ba mantuwa suke yi ba. Na zauna a duhu ina jin kamar wani ya karanta wasiƙata a bainar jama'a. A ƙarshe mutanen fim ɗin suka tsallaka dandali, suka hau matakalar gidan hukuma, aka rubuta ƙarshe.

Muka fito neman hatimi. Tebur na nan, kujera na nan, Uwargida Mai Hatimi babu ita. Ta bi walima, da hatimin a jakarta.

Ku shaida, ba mu yi shawara ba, ba wanda ya ɗaga tuta. Hatimi kawai muka bi. Amma mutum ɗari biyu da kati a hannu, sun yi shiru, suna tsallaka dandali zuwa matakalar nan, daga tagar sama ba su yi kama da masu neman hatimi ba. Muna shiga zauren muka tarar da manyanmu tsuru-tsuru, kowa da yankan burodi mai ƙwai da nama a hannu. Mai Girma ya rasa inda zai ajiye nasa, sai ya sa a aljihu.

"'Yan'uwa, me ke tafe da ku?" ya ce.

Ni da na buɗe baki hatimi zan ce. Jarmila ta riga ni.

"Ranka ya daɗe, tun da mun riga mun hawo, an gama duba takardar mijina?"

Mu ma a lokacin muka lura da yawanmu. Mai Girma ya dubi ƙofa, ya ga mu ne a ƙofar, sai ya ce ai dama ranar Litinin za a sanar. Uwargida kuwa ta buga hatimi ɗari biyu a kan teburin abinci cikin minti goma, aikin da take yi a mako guda.

Da daɗewa ban ga alkawarin hukuma ya cika ba, amma wannan ya cika. Kwamiti ya zauna, a karon farko ya kalli fim ɗin, ya gano cewa kayan tarihi ne mai rauni, haske na iya lalata shi, don haka kada a sake nuna shi. An sauke gwangwanayen tara da tsohon injin zuwa ɗakin ƙasa, an sa kwaɗo. Kayan tarihi kuwa sai da mai gadi. Otakar ya samu aiki na shekara biyu cif, aikinsa ya tabbata babu wanda ya kalla.

Jiya na gan shi zai fita, da gwangwanin mai a hannu.

"Maƙwabci, man na mene ne, tun da an hana?"

"An hana nunawa," ya ce. "Ba a hana shafa mai ba." Ya kaɗa makullin, ya sa a aljihu.

To, madalla da manyanmu. Sun nemi mutumin da zai tsare fim ɗin kada a gani, duk garin nan ba su samu kowa ba sai mutum ɗaya tilo da ya iya kunna shi. Mu sauran ɗari da casa'in da tara muna nan a layi, kuma na lura Uwargida ta daina rufe taga da ƙarfi.