Hawa na Ɗari na Yallaɓai Podlogar

Duk wanda ya sha ruwan garin Dolnja Reka ya san ba a kafa Dutsen Kremenik don kowa ba sai don Yallaɓai Stanko Podlogar, Shugaban Sashen Alluna da Alamomin Hanya na ƙaramar hukuma, Shugaban Ƙungiyar Mahaya Keken Dutse, Mikiya mai leƙen gari daga sama. Laƙabin ƙarshen nan shi ya raɗa wa kansa, don ya rage wa jama'a wahalar tunani.

Kekensa kilo tara ne da rabi. A sikelin gidan waya aka auna shi, gaban shaidu biyu. Shi mahayin ba a samu sukunin aunawa ba. Yana da hular kwano uku da wata matsattsiyar riga ruwan ɗorawa, wadda in ya sa ta ya tsaya a dandali sai ka ce an cusa kabewa cikin safa.

Hanya ɗaya ce ke kaiwa ƙololuwa, ta tsakuwa, wadda aka fasa cikin daji don motocin 'yan kwana-kwana: kilomita goma sha ɗaya, tana shan kwana sau goma sha bakwai. Dokar ƙungiya kuwa mai sauƙi ce. Wanda ya hau sai ya je ya faɗa wa magatakarda, Ciril Mlakar, shi kuma ya rubuta, don mahayi ba ya ƙarya. Wanda ya cika hawa ɗari, a kafa masa farantin tagulla da sunansa a jikin bencin da ke can sama. A shekara talatin mutum huɗu suka samu.

Yallaɓai ya yi casa'in da tara cikin shekara biyu. Kowace Talata da hantsi yake hawa, lokacin da sauran bayin Allah ke wurin aiki, kuma shi kaɗai.

“Mikiya ba ta tashi cikin garke,” in ji shi. “Ku kuna hawa ne don ku sha miyar wake. Ni ina hawa ne don ni da dutsen mu gana.”

Miyar da yake nufi ta Baba Slavka ce, tsohuwar da ke gadin gobara a hasumiyar ƙololuwa, mai tukunya kullum a kan wuta. Kowa na da labarinta, sai dai Yallaɓai bai taɓa sauraron labarin wani har ƙarshe ba. Abin da ya sani kawai shi ne bai taɓa tarar da ita ba. Saboda kishin aikin gwamnati, har takarda ya rubuta wa hukuma, shafi biyu, cewa matar nan tana wasa da aikinta ranar Talata.

Da hawa na ɗari ya zo, ƙungiya ta ce wannan kam sai da rakiya. Ranar Asabar, ƙarfe takwas da minti goma, mahaya ashirin da uku suka tashi daga bakin shingen hanya. Farantin na cikin jakar Ciril. Yallaɓai da kansa ya tsara rubutun, layi goma sha ɗaya, maƙeri ya roƙi arziki aka mai da shi huɗu.

A kwana ta biyu ya tsaya ya koya wa jama'a numfashi. A ta biyar ya tsaya ya koya musu shan ruwa. A ta takwas wata tsohuwar malamar makaranta mai shekara saba'in da ɗaya ta wuce shi tana cin tuffa.

“Ku bar ta,” ya ce, yana haki kamar zugazugi. “Gaggawa alamar rashin sanin dutse ce. Ni duk tsakuwar hanyar nan ta san tayata.”

Ƙarfe tara da minti hamsin da biyu suka fito wani fili mai faɗi inda motocin kashe gobara ke juyawa. Ga ƙaton tankin ruwa na siminti, ga gari can ƙasa kamar an zubar da ashana. Yallaɓai ya sauka, ya ɗaga keken nan mai kilo tara da rabi sama da kansa, ya ajiye, ya zaro takarda daga aljihun baya.

“'Yan'uwana mahaya! Sau ɗari ke nan ƙafata na taka wannan ƙololuwa. Daga nan ba abin da ke sama da mutum sai gajimare. Ban yi don yabo ba. Amma in tarihi ya nace...”

Ya ɗaga ido don ya ba tafi hanya. Ba wanda ya ko sauke ƙafa daga feda, sai Ciril, wanda ya duba agogo, ya dubi tankin, ya gyara tabarau.

“Ranka ya daɗe, nan kilomita bakwai ne. Saura huɗu.”

“Huɗu ina?”

“Ta bayan tankin.”

Lalle kuwa hanya ta kewaya bayan tankin, ta shige duhun itatuwa, ta miƙe sama kamar tsani. Baƙo ba zai gan ta ba sai da allo. Allon kuwa akwai shi, da kibiya da komai. Shekara shida ke nan yana jingine a ɗakin ajiyar Sashen Alluna, yana jiran sa hannun shugaban sashe.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Amma babban mutum ba ya rasa ta cewa.

“Na sani mana. Gwada ku nake yi.”

Kilomita huɗun nan sun ci awa ɗaya da minti arba'in. Ya hau mita ɗari uku na farko, sauran kuwa shi da keken suka jera, kafaɗa da kafaɗa, kamar aminan da suka daɗe ba su haɗu ba. Ya ce yana duba lafiyar tsakuwa ne a madadin hukuma.

A sama ga hasumiya, ga benci da farantai huɗu, ga ƙamshin miya, ga teku can nesa yana ƙyalli. Yallaɓai ya saki baki yana kallo. Baba Slavka ta fito tana goge hannu, ta dube shi daga hula har takalmi.

“Wannan baƙon fa? Ɗan wa ne?”

“Baba, Shugaba ne,” in ji Ciril. “Podlogar.”

“Au, mai takarda! Shafi biyu. Sannu da zuwa, ɗana. Shekara goma sha tara ina nan, Talata ko ɗaya ban taɓa fashi ba. Ashe rabon mu gana sai yau.”

Ta shiga ciki ta fito da tsohuwar robar cikin taya. Al'adar Kremenik ce tun kafin a kafa ƙungiya: duk wanda ya taka ƙololuwa karon farko, ya duƙa a kan sirdin kekensa a tsula masa uku a mazaunai, sa'annan a ba shi miya. Ba a ɗaga wa likita ba, ba a ɗaga wa limamin coci ba.

“Baba, matsayina...”

“Shi nake nema. Juyo da shi nan.”

Ya duƙa. Matsattsiyar rigar nan da wandonta ba su ɓoye wa robar komai ba. Tafin da Mikiya ya shekara biyu yana jira ya zo daidai lokacinsa, sau uku, ta baya. Ya sha miya kwano biyu, a tsaye.

Ciril mutum ne da ba ya son a zalunci kowa a rubuce. Kafin a sauka ya ja layi da rula, ya buɗe sabon gurbi: Podlogar, ƙololuwa, ɗaya; tanki, ɗari. Ranar Litinin ƙarfe takwas da minti biyar aka sa wa allo hannu.

Farantin ma bai yi asara ba, tunda ba ƙarya a jikinsa. An kafa shi a inda aka yi aikin, a jikin tanki. 'Yan kwana-kwana sun ce ƙusarsa ta sama na da daɗin rataya jiƙaƙƙiyar safa.