Yadda Famfon Layinmu Ya Hau Rufin Gidana

Jama'a, jiya saura ƙiris in faɗo daga kan tsani, kuma ba wanda ya jawo min sai bakina. Dama an ce baki shi ke yanka wuya.

Shekaranjiya Mai Girma Uban Alkawari, Allah ya ja zamaninsa, ya shigo layinmu da motoci goma sha biyu don ya buɗe famfo guda ɗaya. Famfo ne na gani na faɗa, an yi bututunsa dogo ya fi ƙato tsawo, don a rataya allon sunan Mai Girma a sama, a hango daga titi. Aka tara mata su yi tafi, mai ɗakina a sahun gaba. Shekara tara tana jan jarka daga rijiyar bayan kasuwa, ba wanda ya taɓa ɗaukar hotonta sai ranar.

Jiya da ta ji za a nuna bikin a labaran ƙarfe biyar, sai ta ce, "Malam, a kira mai haɗa eriya. Ban taɓa ganin kaina a talabijin ba, kuma na gayyato matan layi."

Na ce, "Haba, waya ɗaya ce fa. Ni da na yi kwana biyu a layin mai ban karaya ba, eriya ce za ta gagare ni?"

Na fere wayar da reza, na murɗa mata kai, na cusa a bayan talabijin. Na hau tsani na ɗaure eriyar a guntun gora. Ina juyawa, tana ba ni rahoto ta taga.

"Ya fito?"

"Yayyafi kawai, Malam."

"Yanzu fa?"

"Ga hular wani, amma babu kan."

Ƙarfe huɗu da rabi tabarma ta cika da mata, ni kuwa gumi har cikin ido. Kunya ta kama ni, amma wallahi tausayinta ya fi, don tun azahar ta ci kwalliya.

Maƙwabcina mai walda ya tsaya a gindin tsani yana kallon ikon Allah. Ya ce, "Maƙwabci, gorarka ce gajera. Dogon ƙarfe take so." Ya nuna famfon da haɓa.

Na ce, "Rufa min asiri, kayan Mai Girma ne."

Ya ce, "Tun da tankar ruwan da aka ɓoye a bayan katanga ta tafi, ka ga ko ɗigo? Aro za mu yi, mu mayar."

Na ce to a nemo diga. Ya yi dariya, ya girgiza bututun sau biyu, ya zare shi kamar tsinke. Gindinsa a bushe ƙamas, ba ya haɗe da komai sai guntun tiyo. Motoci goma sha biyu, jama'a! In ba ƙira, me ya ci gawayi?

Muka sauke allon da ladabi, muka jingine shi a inuwa. Muna ɗaga eriyar a kan bututun, hoto ya fito tar. Na leƙa ta taga daga kan tsani ina rungume da bututun, saura ƙiris in faɗo, sai ga famfon a cikin talabijin yana ambaliyar ruwa, mai ɗakina a gefe tana tafi, haƙora duk a waje. Mata suka ɗauki shewa. Ita kuwa mai ɗakina ta ƙura wa ruwan ido har aka wuce wani labarin.

Da baƙi suka watse, ta tuɓe kwalliyar, ta ɗauki jarkarta. Na ce bari mu mayar da kayan mutane.

Ta ce, "Bar shi a saman nan, Malam. Can ya fi amfani." Ta kama hanyar rijiya.

Don haka masu cewa Mai Girma ba ya cika alkawari, ku ji tsoron Allah. Ruwa ya ce zai kawo har cikin ɗaki, kuma ya kawo. Mai jin ƙishi ya zo gidana da kofinsa ƙarfe biyar, in an kawo wuta.